Ta wace ƙofa ake shiga aikin kocin ƙwallon kwando a jami'o'in Amurka?

"Assalamu alaikum Koci. Na karanta ilimin motsa jiki da lafiya a jami'a, na yi hidimar ƙasa, yanzu shekara uku ke nan ina koya wa yaran wata sakandare ƙwallon kwando a Kaduna. Duk watan Maris nakan hana idona barci ina kallon gasar jami'o'in Amurka. Don Allah waɗannan kociyoyi da muke gani a bakin fili, wace hanya suka bi har suka kai nan? Sai wanda ya yi fice a wasa ake ɗauka? Akwai takardar shaida da ake nema? Kuma mutum irina da ke zaune a Najeriya yana da rabo a ciki, ko in haƙura?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Tambaya huɗu ka dunƙule wuri guda, amma uwarsu ɗaya: ta wace ƙofa ake shiga wannan sana'a, kuma a hannun wa mabuɗin yake. Zan ba ka amsa gwargwadon abin da na gani. A Zariya na fara wasa, na tafi Amurka karatun digiri na biyu, na yi shekara biyu ina yi wa kociyoyi hidima a wata ƙaramar jami'a, daga baya na zama mataimakin koci a makarantu biyu, duka ƙanana. Ban taɓa zama a kujerar babban koci a manyan jami'o'in da kake gani a talabijin ba. Abin da zan faɗa game da su daga zama da mutanensu ne da kuma tarihinsu da yake a fili. Amma ƙasan tsanin, wannan na taka shi da ƙafata.

Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, ana shiga wannan aiki ne ta hannun ubangida. Ka san yadda yaron shago ke tasowa a Kantin Kwari: ya fara da shara da ɗaukar dila, a hankali a bar shi da masu ciniki, daga baya a miƙa masa aljihun kuɗi, bayan shekaru maigida ya sallame shi ya buɗe nasa. Haka tafiyar koci take a can. Babban koci shi ke zaɓen mataimakansa, kuma da wuya ya ɗauki wanda bai sani ba, ko wanda wani amininsa bai tsaya masa ba.

Wannan ɗabi'a tun tushe take. James Naismith, wanda ya ƙirƙiro wasan a 1891 a garin Springfield, ya koma Jami'ar Kansas a 1898 ya zama kocinta na farko. Ɗalibinsa Phog Allen ya gaje shi. Allen ya koyar da Dean Smith, wanda ya riƙe North Carolina shekara 36. Smith ya reni Roy Williams shekara goma yana mataimakinsa, Williams ya tafi ya riƙe Kansas daga 1988, ya dawo North Carolina a 2003, da ya yi ritaya a 2021 kuma aka ba mataimakinsa Hubert Davis, wanda shi ma ɗan wasan Smith ne a da. Salsala ce irin ta malaman zaure, wane ya yi karatu wurin wane. Idan kociyoyi biyu suka haɗu ba su san juna ba, tambayar farko ita ce a ƙarƙashin wa ka yi aiki.

Fagen ya fi abin da talabijin ke nunawa faɗi

Hukumar NCAA, wadda ke kula da wasannin jami'o'i, ta kasa makarantu rukuni uku. Rukuni na ɗaya yana da jami'o'i sama da 350, daga cikinsu ake tace kaɗan su shiga gasar watan Maris ɗin da ke hana ka barci. Akwai rukuni na biyu, akwai na uku wanda ba a ba da tallafin karatu don wasa a cikinsa. Bayan su akwai wata hukumar daban, NAIA, ta ƙananan makarantu, sannan ga kwalejojin shekara biyu waɗanda akasarinsu ke ƙarƙashin NJCAA. Kusan kowace makaranta tana da ƙungiyar maza da ta mata. Saboda haka mafi yawan masu cin abinci da wannan sana'a ba za ka taɓa ganin fuskarsu a talabijin ba. Suna ƙananan garuruwa, suna wasa gaban mutum ɗari biyu ko uku, wasunsu suna haɗawa da koyarwa a aji.

Maganar takarda kuwa gajera ce. Babu lasisi irin na CAF ko UEFA da ake nema a ƙwallon ƙafa. Koci ma'aikacin jami'a ne, daraktan wasanni ke ɗaukarsa, shugaban jami'a ya sa hannu. Digirin farko kusan wajibi ne, kuma kana da shi. Digiri na biyu yana ƙara wa mutum nauyi, musamman a ƙananan makarantu. Sai sanin dokokin NCAA kan yadda ake neman 'yan wasa, wanda dole a tabbatar ka san su kafin a bar ka ka fita. Takardu suna sa a karɓi sunanka ne kawai. Ba su ke sa a kira ka ba.

Ko sai wanda ya yi fice a wasa?

A'a. Buzz Williams, wanda ya riƙe Marquette da Virginia Tech da Texas A&M, bai buga wa jami'a wasa ba. Ya fara ne da ɗaukar kaya da wankin riguna a wata kwalejin shekara biyu a Texas. Brad Stevens ya buga wasa a rukuni na uku, ya samu aiki mai kyau a kamfanin magunguna na Eli Lilly, a 2000 ya ajiye aikin ya je Jami'ar Butler ya ce a bar shi ya taimaka ko ba albashi. Bayan shekara bakwai ya zama babban kocinta yana ɗan shekara 30, ya kai wannan ƙaramar makaranta wasan ƙarshe sau biyu a jere, 2010 da 2011.

A ɗaya ɓangaren kuma ga Patrick Ewing, gwarzon da babu kamarsa a tarihin Jami'ar Georgetown. An ba shi ƙungiyar a 2017, a kakar 2021 zuwa 2022 bai ci ko wasa ɗaya a gasar Big East da makarantarsa ke ciki ba, a 2023 aka sallame shi. Ba don bai san wasa ba. Iya abu daban, iya koyar da shi daban, kuma wanda Allah ya hore wa baiwa yakan sha wuya wajen gane dalilin da ya sa yaro ya kasa abin da shi yake yi ido rufe. Akwai taurarin da suka haɗa biyun, kamar Dawn Staley wadda ta ci wa South Carolina kofin mata a 2017 da 2022 da 2024, amma ita ma sai da ta yi shekara takwas a Temple tana koyon aikin. Amfanin tsohon ɗan wasa guda ɗaya ne mai girma: ya riga ya sami ubangida, wato kocin da ya buga wa.

Shekarun wankin riguna

Matakin farko yana da sunaye da yawa amma aikin kusan ɗaya ne. Akwai ɗalibin da ke hidimar ƙungiya kyauta. Akwai ɗalibin digiri na biyu da ake yafe wa kuɗin makaranta a ba shi ɗan alawus, shi kuma ya yi wa ƙungiya aiki, wanda shi ne matsayin da na fara da shi. Akwai mai kula da bidiyo. Akwai mai kula da harkokin gudanarwa, wanda ke shirya tafiya da masauki da abinci da jadawali.

Bari in gaya maka yadda ranata take a lokacin. Kafin ƙarfe shida na safe ina filin wasa, domin akwai yaron da yake so ya yi jifa ɗari biyu kafin aji, ni ke tsayawa ƙarƙashin kwando ina mayar masa da ƙwallo. Da hantsi in zaga azuzuwa in leƙa in tabbatar 'yan wasanmu suna ciki, saboda yaron da makinsa ya faɗi doka ta hana shi wasa. Da la'asar atisaye, ni ke riƙe agogo da goge gumi a ƙasa. Da dare in zuba riguna a injin wanki, in zauna gaban kwamfuta ina yanka bidiyon abokan karawarmu: duk hare-harensu wuri guda, duk yadda suke tsaron gida wuri guda, duk abin da suke yi bayan hutun koci wuri guda. Ranar tafiya ni ne direba, wani lokaci awa biyar cikin ƙanƙara.

Kada ka raina wannan. Pat Summitt, wadda ta ci wasa 1,098 da kofi takwas a Tennessee, ta karɓi ƙungiyar a 1974 tana da shekara 22, kuma ita ke tuƙa motar 'yan wasa tana wanke musu riguna. Roy Williams da na ambata, farkon zuwansa wurin Dean Smith albashin bai isa ya riƙe gida ba, sai da ya riƙa yawo a mota yana sayar da kalandar ƙungiyar. Ni kaina a ɗakin bidiyon nan na koyi wasa da gaske. Na zo da tunanin na san ƙwallon kwando tunda na buga shi shekaru, sai da na kalli wasa ɗaya sau huɗu ina tsayarwa ina mayarwa, sannan na fara ganin abin da mutum huɗun da ba su riƙe da ƙwallo suke yi. A nan ne kuma maigida yake auna ka. Ba iliminka yake dubawa ba tukuna. Yana duban ko za a ba ka aiki a juya baya, ko maganar da aka yi a ofis za ta tsaya a ofis, ko za ka gaya masa gaskiya ranar da ka yi kuskure.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Rena Wakama. Ta buga wa Western Carolina, ta shiga Kwalejin Manhattan a New York a matsayin mai kula da harkokin gudanarwa, daga nan aka ɗaga ta zuwa mataimakiyar koci. Daga wannan tsani ne Najeriya ta ɗauko ta a 2023 ta ba ta D'Tigress, ƙungiyar mata ta ƙasa, ta ci kofin Afirka a Kigali a shekarar, a 2024 kuma ta kai su zagayen 'yan takwas a gasar Olympics ta Paris, abin da babu wata ƙungiyar Afirka ta maza ko ta mata da ta taɓa yi. Sai dai ka lura, a Amurka aka haife ta, ba ta da matsalar takardun zama. Zan dawo kan wannan.

Inda gizo ke saƙa: nemo 'yan wasa

Ranar da aka ce ka zama mataimakin koci, za ka zaci yanzu za ka zauna kana zana dabaru a allo. Akwai wannan, domin ana raba wa mataimaka abokan karawa, kowa ya nazarci nasa ya rubuta rahoto ya gabatar wa 'yan wasa. Akwai kuma horar da yara ɗaya-ɗaya. Amma abin da ake auna mataimaki da shi, wanda ke ɗaga shi ko ya kayar da shi, shi ne waɗanne 'yan wasa ya kawo.

Dalilin a fili yake. Ɗan wasan jami'a shekaru kaɗan yake yi ya wuce, don haka kullum rumbu yana zurarewa, kullum sai an zuba sabo. Masu sanin dabarun wasa kuwa sun yi yawa, kowa yana kallon bidiyon kowa. Wanda zai iya shawo kan yaro ɗan shekara 17 da mahaifiyarsa da kocinsa na sakandare su zaɓi makarantarku su bar wasu goma, shi ne ba a samu a ko'ina. A watan Yuli za ka ga kociyoyi sun cika ɗakunan wasa inda ake gasar matasa, irin wadda Nike ke shiryawa a North Augusta, kowa sanye da rigar makarantarsa don yaron da yake nema ya gan shi zaune. Sauran shekara kuma waya ce da saƙo da ziyarar gida.

A ƙaramar makaranta irin tamu ba mu da kuɗin jirgi, mota ce. Na taɓa bin wani yaro kusan shekara guda, na ci abinci a gidansu, na san sunan kakarsa, ana saura kwana biyu ya sa hannu wata babbar makaranta ta kira shi ya tafi. Na ji zafi ƙwarai, amma na kira shi na yi masa fatan alheri. Bayan shekara biyu kocinsa na sakandare ya turo mini wani yaron, ya ce ya ga yadda na yi da na farkon. Wannan yaro na biyu shi ya riƙe mana ƙungiya shekara uku.

A nan ne kuma mutane ke halaka. A watan Satumban 2017 hukumar FBI ta kama mutum goma kan badaƙalar kuɗi a harkar neman 'yan wasa, huɗu daga cikinsu mataimakan kociyoyi ne a manyan jami'o'i, wasu har da zaman kurkuku. Ka lura da waɗanda aka sa wa ankwa: mataimaka. Kelvin Sampson ya bar Indiana a 2008 saboda karya dokar kiran waya ga 'yan wasan da ake nema, aka sa masa takunkumin shekara biyar. Ya koma NBA, gasar ƙwararru ta Amurka, yana mataimaki, sai 2014 Jami'ar Houston ta ɗauke shi, a 2025 ya kai ta wasan ƙarshe. Shi ya sami dama ta biyu saboda ya riga ya yi suna. Ƙaramin mataimaki idan ya faɗi irin wannan rami ba mai miƙa masa hannu.

Kuma ka sani aikin ya canza sosai a 'yan shekarun nan. A 2018 aka buɗe rajistar da ɗan wasa ke sa sunansa idan yana son sauya makaranta. A 2021 aka cire sharaɗin zaman shekara guda ba wasa ga mai sauyawa karon farko, kuma daga 1 ga Yulin shekarar aka halatta wa ɗan wasa cin kuɗi da sunansa da hotonsa. A watan Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun da ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasansu kai tsaye, kimanin dala miliyan 20.5 ga kowace makaranta a shekarar farko, a raba tsakanin wasanninta. Yanzu koci ba sabbin yara kaɗai yake nema ba, duk ƙarshen kaka sai ya sake lallashin nasa su zauna. Tony Bennett, wanda ya ci wa Virginia kofi a 2019, ya ajiye aiki a Oktoban 2024 ya ce shi ba mutumin wannan sabon yanayi ba ne. A ganina biyan yaran adalci ne, tun da guminsu ake sayarwa. Amma ya yi wa ƙananan makarantu illa, domin ka reni yaro shekara biyu, da ya nuna kansa mai kuɗi ya ɗauke.

Hawa kujera, da sauka daga kanta

Hanyar zama babban koci kusan biyu ce. Ko dai ka daɗe a gida ɗaya har maigida ya tashi a ba ka, kamar Tom Izzo da ya yi shekara 12 yana mataimaki a Michigan State kafin a ba shi a 1995, ya ci kofi a 2000. Ko kuma ka karɓi ƙaramar makaranta da ta lalace ka gyara ta, wadda ta fi ta girma ta kira ka. Dan Hurley ya yi shekara tara yana kocin sakandare a New Jersey, ya karɓi Wagner a 2010, Rhode Island a 2012, UConn a 2018, ya ci kofi a 2023 da 2024.

Labarin da nake so ka fi riƙewa shi ne na Nate Oats, don ya yi kama da naka. Malamin lissafi ne kuma koci a sakandaren Romulus da ke kusa da Detroit, shekara 11, har kayan ƙwalama yake sayarwa don tara wa ƙungiya kuɗi. Dan Hurley da yayansa Bobby suna Rhode Island suka zo neman wani ɗan wasansa, suka ga yadda yake tafiyar da atisaye. Da Bobby ya sami Jami'ar Buffalo a 2013 sai ya ɗauke shi mataimaki. Bayan shekara biyu Oats ya gaji kujerar, a 2019 Alabama ta ɗauke shi, a 2024 ya kai ta zagayen 'yan huɗun ƙarshe karo na farko a tarihinta. Ba takardar neman aiki ya aika ba. Yaro suka zo gani, suka tarar da malami.

Da can ana yi wa koci haƙuri. John Wooden ya yi shekara 11 yana koyarwa a sakandare, ya karɓi UCLA a 1948, bai ci kofin farko ba sai 1964, sannan ya kai su goma zuwa 1975. Mike Krzyzewski ya ci wasa 38 ya faɗi 47 a shekara ukunsa na farko a Duke, magoya baya suna neman a kore shi, daraktan wasanni Tom Butters ya ƙi. Krzyzewski ya zauna har 2022, da kofi biyar da nasara 1,202 a duk tsawon aikinsa na koci. Yau da wuya a ba mutum wannan sarari. Shekara uku ko huɗu ba sakamako, sai sallama.

Kuma idan aka sallami babban koci, duk mutanensa sun tafi tare da shi. Ya faru da ni. Muka gama kaka a ƙarshen Fabrairu, ran Litinin aka kira maigidanmu ofis, kafin azahar mu uku mun zama marasa aiki. Shi yana da sauran kwantiragi da za a biya shi, mu ba mu da komai. Matata na da ciki a lokacin, takardun zamana kuma a jingine suke da aikin. Wata biyu na yi ina kiran waya. Wanda ya cece ni wani koci ne da muka taɓa aiki tare a sansanin horar da yara na bazara, mako ɗaya tak, shekaru huɗu kafin nan. Ya tuna ni, ya ambaci sunana ga abokinsa.

Batun kuɗi, kada alkaluman sama su ruɗe ka. Gaskiya ne Dan Hurley ya ƙi tayin ƙungiyar Lakers ta NBA na dala miliyan 70 a 2024, ya zauna a UConn kan kwantiragin miliyan 50 na shekara shida. Amma irinsa 'yan kaɗan ne. A inda na yi aiki na san mataimakan da ke koyarwa da safe ko aikin dare don su biya haya. Ga ƙaura daga gari zuwa gari, ga rashin zama a gida daga Oktoba zuwa Maris. Duk mai shiga ya zauna da iyalinsa su yi maganar tun wuri.

To kai da ke Kaduna fa?

Ba zan ce ka haƙura ba, kuma ba zan ce abu ne mai sauƙi ba. Katangar farko biza ce. Ba'amurke zai iya yin abin da Brad Stevens ya yi, ya je ya yi aiki kyauta. Kai doka ba ta ba ka wannan ba, kuma bizar ziyara ba ta halatta aiki. Hanyar da na sani mai tsabta ita ce wadda na bi: ka sami gurbin digiri na biyu, a fannin gudanar da wasanni ko kimiyyar motsa jiki, tare da matsayin ɗalibi mai taimaka wa ƙungiya. Bizar ɗalibi tana ba da damar aiki a cikin makaranta har awa 20 a mako, bayan kammalawa kuma akwai izinin aiki na wata 12, daga nan sai makaranta ta tsaya maka a kan bizar aiki. Dokokin nan suna sauyawa, kuma sun ƙara tsauri a kan 'yan Najeriya, don haka ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantar da ofishin jakadanci su ne za ka bi maganarsu, ba tawa ba. Ni koci ne, ba lauya ba.

Katanga ta biyu ita ce ba wanda ya san ka. A nan ne nake so ka dubi abin da ke hannunka. Tun zamanin da Hakeem Olajuwon ya tashi daga Legas ya je Houston, kociyoyin Amurka sun san akwai 'yan wasa a Najeriya. Abin da suka rasa shi ne mutumin da za su yarda da maganarsa. Sun sha a turo musu bidiyon yaro a ce shekararsa 16 alhali ya haura 20, ko a ƙara masa tsawo, ko sakamakon WAEC ya ƙi tantancewa a cibiyar NCAA da ke duba cancantar ɗalibai. Malamin da zai ce wannan yaro shekarunsa kaza, tsawonsa kaza, hannun hagunsa da rauni, ga takardunsa na gaskiya, kuma a zo a tarar haka ne, ya mallaki abin da ake nema ruwa a jallo. Amma ina gargaɗinka da babbar murya: kada ka karɓi ko sisi a kan yaro, kada ka haɗa shi da dillalin da ba ka san inda zai sauke shi ba. Na ga yaran da aka kai wasu makarantu na bogi aka yasar, ba karatu ba abinci. 'Ya'yan mutane ne aka ba ka amana.

Akwai kuma abin da ka sani wanda su ba su sani ba. A gasar 2023 azumi ya faɗo tsakiyar wasanni, Adama Sanogo ɗan Mali yana azumi ya ja UConn ta ci kofi, aka zaɓe shi gwarzon zagayen ƙarshe. Ƙungiyar da ke da yara Musulmi daga Afirka tana bukatar wanda ya san yadda ake tsara sahur da buɗa-baki da atisaye, wanda zai iya kiran uwa a Bamako ko Kano ya kwantar mata da hankali. Ni wannan ya sa maigidana na biyu ya riƙe ni.

Ka tuna Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken da ya shafe shekaru yana koyar da wasan a Jami'ar Ahmadu Bello, wanda kowa ke kira Koci OBJ. Masai bai zama koci ba, ta hanyar farautar 'yan wasa ya bi. Ya fara yi wa Orlando Magic aiki ba albashi yana biyan kuɗin tafiyarsa da kansa, har ya kai ga shugabancin Toronto Raptors da ta ci kofin NBA a 2019. Jarin da ya shiga da shi sanin 'yan wasan Afirka ne da amincin maganarsa. Shi kuma Koci OBJ hanyarsa ta nuna cewa aikin kocin jami'a ba a Amurka kaɗai yake ba. Muna da gasar NUGA ta jami'o'in Najeriya, muna da ƙungiyoyi irin Kano Pillars, ga gasar BAL ta ƙungiyoyin Afirka da aka fara a 2021, ga makarantar NBA da ke Saly a Senegal. Kuɗin bai kai ba, tsarin ma bai kai ba, amma wanda ya gina suna a nan ya fi sauƙin a kira shi can fiye da wanda ya tafi hannu rabbana.

Da ni ne kai, ga abin da zan yi a shekara biyu masu zuwa. Zan yi kwas ɗin koci na FIBA, hukumar wasan ta duniya, idan hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa ta shirya, ko na Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas. Zan shigar da yarana gasar sakandare ta Milo. Zan riƙa ɗaukar kowane wasa da atisaye a waya, in koyi yanka bidiyo da rubuta rahoton abokan karawa, domin wannan shi ne aikin da za a fara ba ka, kuma shi za ka iya nunawa daga nesa. Duk sansanin horar da yara da aka kawo Najeriya, irin na Giants of Africa da Masai ya kafa, zan je in yi hidima ko ba a biya ni ba, saboda kociyoyin da ke zuwa daga waje a nan za su gan ka kana aiki.

Wajen rubuta wa makarantu kuma, ka bar Duke da Kentucky. Ka nemi rukuni na biyu da na uku da NAIA, inda koci ke da mataimaki ɗaya kuma yana bukatar hannu. Ka rubuta wa kocin kai tsaye, gajeren saƙo, ka haɗa da rahoto guda da ka rubuta a kan wasan ƙungiyarsa da ka kalla a intanet. Ka lura da lokaci: guraben aiki suna buɗewa ne daga ƙarshen Maris zuwa Mayu, bayan an gama kaka an yi sallame-sallame, amma sashen digiri na biyu a makarantu da yawa yana rufe karɓar takardu kafin nan. Saboda haka takardun karatu su riga su shiga tun wajen Nuwamba ko Disamba, yadda idan koci ya waiwayo ka a Afrilu zai tarar makaranta ta riga ta ba ka gurbi.